Balakberin daji

Balakberin daji, wanda masana tsirrai ke kira Rubus fruticosus, tsiro ne mai ƙaya da ke yaɗo yana yin sarƙaƙiya. Asalinsa daga nahiyar Turai ne da yammacin Asiya da arewa maso yammacin Afirka. Yana cikin dangin Rosaceae, wato dangin furen wardi da tuffa da sitiroberi. An fi saninsa da 'ya'yansa baƙaƙe masu zaƙi da ɗan tsami, waɗanda mutanen Turai ke tsinka a bakin hanya da gefen gonaki tun kafin a fara rubuta tarihi. A ƙasarsa ta asali abinci ne ga mutane da tsuntsaye, mafaka kuma ga ƙananan dabbobi. A ƙasashen da aka kai shi daga baya, kamar Ostareliya da Chile, ya zama ɗaya daga cikin tsirran da suka fi addabar manoma da makiyaya. Ba ya fitowa a dajin ƙasar Hausa, kuma ba dangin ɗinya ba ne, duk da cewa su biyun baƙin 'ya'ya suke yi. A yanayin girmansa ya fi kama da sarƙaƙiyar da ke tsare hanya a dajinmu, amma ita ma danginta daban.

Suna

Da Turanci ana rubuta sunan ɗan itacen blackberry, ma'ana baƙin ɗan itace, shi kuwa tsiron da kansa Turawan Ingila suna ce masa bramble. Masu jin Hausa da yawa sun fara cin karo da kalmar ne a jikin wayar hannu ta BlackBerry ta kamfanin Research In Motion na ƙasar Kanada, wanda ya fara fitar da na'ura mai wannan suna a 1999. An raɗa wa wayar sunan ne saboda ƙananan maɓallanta da suka jeru kamar ƙwayoyin ɗan itacen.

Sunan kimiyya daga Carl Linnaeus ya fito, a littafinsa Species Plantarum na 1753. Rubus shi ne sunan da Rumawa ke kiran wannan ƙaya da Latin. Kalma ta biyu kuwa tana yawan ruɗa mutane: fruticosus ba ta da alaƙa da fructus, wato ɗan itace. Ta fito ne daga frutex, ƙaramin icce mai rassa tun daga ƙasa. Ke nan sunan yana bayanin siffar tsiron ne, ba yawan 'ya'yansa ba.

Larabawa suna kiransa ullaiƙ, daga tushen haruffa uku, ainun da lamun da ƙafun, wanda ke ɗauke da ma'anar maƙalewa ko ratayewa. Daga wannan tushe ne Hausa ta aro kalmar alaƙa. Duk wanda rigarsa ta taɓa shiga ƙaya zai gane dalilin sunan. Faransawa suna ce wa tsiron ronce, ɗan kuma mûre, sunan da suke ba ɗan bishiyar Morus ma, wadda ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta. 'Ya'yan su biyun sun yi kama a ido, shi ya sa harsuna da dama ke haɗa su a suna ɗaya, amma Morus bishiya ce marar ƙaya daga dangin ɓaure.

Siffa

Abin da ya kamata a fara fahimta game da wannan tsiro shi ne, saiwarsa da karansa ba shekarunsu ɗaya ba. Gindi da saiwa suna rayuwa shekaru masu yawa a cikin ƙasa, amma kowane kara da ya fito daga gindin shekara biyu kawai yake yi.

A shekarar farko karan yana miƙewa da sauri, tsawonsa kan kai mita 3 zuwa 6, wani lokaci fiye. Ba ya fure a wannan shekara, ganye kawai yake yi. Da yake ba shi da ƙarfin tsayuwa da kansa, sai ya lanƙwasa kamar baka, ko ya hau kan wani icce ko shinge yana riƙewa da ƙayarsa. Idan kaka ta zo, bakin karan da ya taɓa ƙasa sai ya kumbura ya fitar da saiwa a nan, ya zama sabon gindi mai zaman kansa. A shekara ta biyu tsohon karan ba ya ƙara tsawo, sai ya fitar da gajerun rassa daga gefe, su ne ke yin fure da 'ya'ya, daga nan ya bushe. Busasshen ba ya faɗuwa da wuri, yana nan a tsakiya da ƙayarsa, sababbi suna hawa kansa. Ta haka gindi ɗaya ke zama kurmin da mutum ko saniya ba za su iya ratsawa ba, kuma kowace shekara kurmin yana matsawa gaba da tsawon kara guda.

Ƙayar ta bambanta da ta aduwa ko ta bagaruwa. Ta aduwa reshe ne da ya rikiɗa, ta bagaruwa kuma daga gindin ganye take fitowa. Ta balakberi daga fatar karan kawai take tsirowa, kamar ta wardi, shi ya sa ake iya ɓalle ta da yatsa ta gefe. Akwai ta a jikin kara, da marikin ganye, har da jijiyar bayan ganyen. A nau'o'i da yawa ta lanƙwasa baya kamar ƙugiya.

Ganyen a rarrabe yake kamar yatsun hannu. A karan shekarar farko yawanci ƙananan ganye 5 ne a mariki ɗaya, a rassan fure kuma 3. Bakinsu yana da haƙora irin na zarto, samansu kore ne sosai, bayansu ya fi haske, a wasu nau'o'in ma fari ne saboda gashi. A inda sanyi bai yi tsanani ba, ganyen kan kai ƙarshen hunturu bai zube ba.

Furen fari ne ko ruwan hoda, faɗinsa santimita 2 zuwa 3, yana da fallaye 5 da zaren maza masu yawa a tsakiya. A Turai yana buɗewa daga wajen watan Yuni zuwa Agusta, 'ya'yan kuma su nuna daga Agusta zuwa Oktoba. Suna farawa da kore, su koma ja, sannan baƙi mai sheƙi. Jan ɗanye ne, tsami gare shi da bauri. Sau da yawa ana ganin fure da kore da ja da baƙi a reshe guda a lokaci guda.

A ilimin tsirrai abin da ake kira ɗan balakberi ba ɗa ɗaya ba ne. Tarin ƙananan 'ya'ya ne da suka fito daga fure ɗaya suka manne da juna, kowane da namansa da ƙwallonsa, kamar a tara ƙananan magarya a dunƙule su. A nan ne ake bambanta shi da ɗan'uwansa rasberi: idan aka tsinki rasberi, farar cibiyar da ƙwayoyin ke manne da ita tana zama a jikin reshe, ɗan ya fito da rami a ciki. Balakberi kuwa da cibiyarsa yake fitowa, a ci gaba ɗaya.

Nau'i ɗaya ko ɗaruruwa

Sunan Rubus fruticosus a yau ba sunan nau'i ɗaya ba ne, laƙabi ne na gungu. Linnaeus ya haɗa tsirrai mabambanta a ƙarƙashinsa, waɗanda suka zo bayansa kuma suka yi ta rarrabewa har lissafi ya kai ɗaruruwa. A Birtaniya da Ayalan kaɗai an bayyana ƙananan nau'o'i fiye da 300. Shi ya sa littattafai ke ƙara agg. a bayan sunan, don nuna cewa gungun ake nufi.

Dalilin wannan yawa yana cikin yadda tsiron ke yin iri. Mafi yawan balakberin Turai suna iya samar da iri ba tare da ƙwan mace ya haɗu da na namiji ba, abin da masana ke kira afomiksis. Ƙudan zuma sai ya kawo garin fure kafin irin ya ƙullu, amma aikin garin shi ne samar da abincin da ke cikin ƙwallon, shi kuwa jaririn tsiron kwafin uwarsa ne tsaf. Jefi-jefi kuma akan sami barbara ta gaskiya tsakanin nau'i biyu. Ɗan da aka samu zai fito da siffa sabuwa, sannan ya ci gaba da kwafar kansa ta iri da ta kara, har ya cika kwari guda ko gunduma guda. Wasu nau'o'in sun bazu a ƙasashe da dama, wasu ba su wuce 'yan ƙauyuka ba. Yawancinsu suna da kuromosom 28, wato ninki huɗu na 7. Rubus ulmifolius, mai yawa a yankin Bahar Rum, yana da 14 ne, kuma shi ta barbara yake yin iri kamar sauran tsirrai.

Nazarin waɗannan nau'o'i har suna gare shi, batoloji, daga batos, sunan tsiron da Girkanci. Masu yinsa suna duba siffar ƙaya, da gashin kara, da launin fure, da yanayin ƙaramin ganyen tsakiya. Littafin Edees da Newton na 1988 a kan na tsibiran Birtaniya, da ayyukan Bajamushe Heinrich Weber, suna cikin abin da ake dogaro da shi. Matsalar ta yi kama da wadda masu nazarin harshe ke fuskanta wajen raba harshe da karin harshe: bambancin na gaske ne, amma inda za a ja layi ya dogara da yarjejeniyar masana.

Muhalli

Ba tsiro ne mai zaɓen ƙasa ba. Yana fitowa a shingen gonaki, da bakin daji, da gefen titin jirgin ƙasa, da kangon gidaje, da gaɓar teku. Ya fi son ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Yana jure inuwa, amma a can ƙarƙashin manyan bishiyoyi ganye kawai yake yi, sai ya sami rana yake 'ya'ya sosai. Duk inda aka sare daji ko aka bar gona saura, yana cikin waɗanda ke fara mamaye wurin.

Furensa abinci ne ga ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi na tsawon makonni. Tsuntsaye da yanyawa da ɓeraye suna cin 'ya'yan, ƙwallon kuma ya fita cikin kashinsu bai narke ba, a wuri mai nisa da uwar. Barewar Turai tana kiwon ganyen a hunturu lokacin da kore ya yi ƙaranci, ƙananan tsuntsaye kuma suna sheƙa a cikin kurmin. Masu kula da gandun daji a Faransa suna yi masa kirari da shimfiɗar jaririn itacen oak, domin ƙaramin itacen da ya tsiro a tsakiyar ƙaya dabba ba ta isa ta cinye shi. Idan ya girma ya yi inuwa, sai ƙayar ta ja baya. A ƙasarsa, ke nan, balakberi mataki ne tsakanin fili da daji, akwai kuma ƙwari da cututtuka da yawa da ke rage masa ƙarfi.

Inda ya zama annoba

Turawan da suka yi ƙaura a ƙarni na 19 sun tafi da shi don shinge da marmari, suka bar maƙiyansa a gida. A Ostareliya ya shiga tun kafin tsakiyar ƙarnin, kuma ana ambaton Ferdinand von Mueller, shugaban lambun tsirrai na Melbourne, cikin waɗanda suka ƙarfafa yaɗa shi. A yau an kiyasta ya mamaye kusan hekta miliyan 9 a ƙasar, wato fili da ya fi jihar Neja girma. A 1999 gwamnati ta sa shi cikin jerin miyagun tsirrai 20 da suka shafi ƙasa baki ɗaya. Yana cinye makiyaya, yana toshe hanyar zuwa rafi, tumaki na maƙalewa a cikinsa, zomaye da yanyawa, waɗanda su ma kawo su aka yi, suna ɓuya a ciki, busassun karan kuma makamashi ne ga gobarar daji.

Kawar da shi yana da wuya, kuma dalilan su ne waɗanda aka ambata a sashen siffa. Sara ko ƙonawa kara kawai suke kashewa, gindin ya sake tohowa. Guntun saiwar da garma ta yanka yana iya zama sabon tsiro. Ko an share fili tas, tsuntsaye za su dawo da iri daga maƙwabta. Awaki suna cin ganyen da ɗanyen kara, ana kuma amfani da su, amma sai an daɗe ana kiwonsu a wurin kafin gindin ya gaji. Maganin kashe ciyawa yana aiki idan an maimaita shi shekara da shekara.

An kuma gwada yaƙarsa da cutarsa ta gida, wata tsatsar ganye mai suna Phragmidium violaceum. An kai ta Chile a 1973. A Ostareliya an gan ta a jihar Victoria a 1984 ba tare da izinin hukuma ba, daga baya aka saki wasu ire-irenta a hukumance. Sakamakon bai zo daidai ko'ina ba. Cutar tana son sanyi da danshi, sannan abin da ake kira balakberi a Ostareliya nau'o'i ne fiye da goma, wasu tana kama su sosai wasu kuwa da ƙyar. Aikin masu batoloji, wanda a ido kamar wasan masana ne, a nan ya zama abin da manomi ke buƙata kafin ya kashe kuɗinsa.

A yammacin Amurka ta Arewa wani ɗan gungun ne ya yi ɓarna, Rubus armeniacus. Luther Burbank, mai ƙirƙirar irin shuka, ya shigar da shi a 1885 da sunan ƙaton Himalaya, sunan kuma ya bi shi har yau, alhali asalinsa Armeniya ne da arewacin Iran. Ya cika bakin koguna da tituna daga Kalifoniya zuwa kudancin British Columbia. A tsibirin Robinson Crusoe na Chile kuma Rubus ulmifolius yana shaƙe dajin da ke ɗauke da tsirran da babu su a ko'ina a duniya sai can.

Amfani

Ana cin 'ya'yan ɗanyu, ana dafa su da sukari a yi jam, ana matse ruwansu, a Turai kuma ana yin giya da su. A Birtaniya an saba haɗa su da tuffa a gasa cikin fulawa, domin lokacin nunarsu ɗaya. A giram 100 na ɗanyen akwai kalori 43, ruwa kusan kashi 88 cikin ɗari, faiba giram 5, da bitamin C miligiram 21, ga bitamin K da manganis. Baƙin launin daga sinadarin antosayanin yake, dangin wanda ke ba zoɓo ja. Nunannen ɗan ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya ko biyu ya yi laushi ya fara funfuna, kuma wanda aka tsinka ja ba zai ƙara zaƙi ba.

Cinsa tsoho ne. A 1835 an tono gawar wata mata a fadamar Haraldskær ta ƙasar Denmak, wadda ta rayu kimanin shekara 2,500 da suka wuce, binciken cikinta kuma ya nuna ta ci wani nau'in gero da balakberi kafin ta mutu. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an riƙa sallamar 'yan makaranta a Ingila su je tsinka, ana biyansu bisa nauyi, don a yi wa sojoji jam. Har yanzu fita tsinka a ƙarshen Agusta al'ada ce ta iyalai a can, kuma dokar sata ta 1968 ta Ingila da Wales ba ta ɗauki tsinkar 'ya'yan itacen daji a matsayin sata ba muddin ba don sayarwa ba ne.

Ganye da saiwa suna da tanin mai yawa, sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Saboda haka tun zamanin Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na farko, ake dafa su don gudawa da ciwon baki. Kwamitin Jamus mai tantance magungunan tsirrai, Kommission E, ya amince da shayin ganyen don gudawa mai sauƙi da ɗan kumburin baki da maƙogwaro. Iyakar abin da ya amince da shi ke nan. Maganganun da ake yaɗawa cewa ɗan itacen yana warkar da daji ko ciwon sukari sun wuce abin da gwaji a kan mutane ya tabbatar. Gudawar da ta daɗe, ko mai jini, ko ta ƙaramin yaro, ta asibiti ce.

A karkarar Ingila da Wales ana tsaga karan a kankare ƙayar, a ɗaure damin ciyawa da shi wajen saƙa kwanduna da amyar zuma. Ana kuma rina zare da 'ya'yan, sai dai launin ba ya daɗewa.

A al'adu

Akwai tsohon camfi a Birtaniya cewa ba a tsinkar balakberi bayan idin Mala'ika Mika'ilu, domin wai Shaiɗan ya tofa masa yawu a ranar. Wasu suna lissafa 29 ga Satumba, wasu 10 ko 11 ga Oktoba, bambancin kuma ya samo asali ne daga sauya kalanda da aka yi a 1752. Camfin yana da tushe a zahiri: daga wannan lokaci sanyi da danshi suna sa funfuna da tsutsa su kama 'ya'yan.

A gidan ibadar Kirista na Saint Catherine da ke gindin Dutsen Sina'i a Masar akwai wani kurmin Rubus sanctus, ɗan'uwan Rubus ulmifolius na kusa, wanda masu ibadar wurin suka yi imani shi ne tsiron da Annabi Musa ya ga wuta a cikinsa.

Noma da dangi a Afirka

Wanda ake sayarwa a manyan kantuna ba na daji ba ne, iri ne da aka inganta, mafi yawa ta haɗa nau'o'in Turai da na Amurka. Rashin ƙayar ire-iren zamani da yawa ya samo asali daga Merton Thornless, wanda cibiyar John Innes ta Ingila ta samar. A jihar Oregon an fitar da Marion a 1956, Jami'ar Arkansas kuma ta fitar da ire-iren da ke yin 'ya'ya a karan shekarar farko a 2004. Meksiko ce ke kan gaba a noma shi, musamman jihar Michoacán, inda aka daɗe ana shuka Tupy, irin da aka samar a Brazil wanda ba ya buƙatar dogon sanyi. Wannan buƙata ta sanyin hunturu kafin fure ita ce ke hana na Turai yin 'ya'ya a ƙasashe masu zafi.

Afirka tana da nata Rubus, amma a kan tsaunuka. Rubus pinnatus yana fitowa a tsaunukan Kamaru da na gabashi da kudancin nahiyar, Rubus apetalus da Rubus steudneri kuma a tuddan Habasha da Kenya, inda yara da makiyaya ke tsinkar 'ya'yansu a bakin daji.